Layi Uku da Na Tsallake a Takardar Hajja Sittana

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne mai tsare matafiyi da wanda ya bari a gida.

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, tare da roƙon Allah Ya sauke ki Kano lafiya, Ya sada ki da mutanen kirki, Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin masauki. Ki gaishe mini da Gwaggonki Binta, ki yi mata biyayya kamar yadda kike yi wa mahaifiyarki, tunda a hannunta za ki zauna.

Na ba mahaifiyarki wannan takarda ta saka miki a jakar hannu, don na san kaina. Idan muka tsaya a filin jirgi, abin da zai fito bakina bai wuce “ki kula da kanki” ba, sai in juya. Bakina ya gaji, Ummi. Shekara talatin ke nan ina kwasar maganar mutane daga wannan harshe ina juyewa a wancan, tawa kuwa tana nan a ciki ba ta samu fita ba. Ba zan ba ki labarin gida ba, jiya kika baro shi. Kurakuraina zan gaya miki, tunda aikin lauya za ki karanta, kuma da Turanci za a koya miki shi.

Kin san karatun addini ya kawo ni Masar, ban zo don in zama tafinta ba. Da na gama, komawa gida ta yi ta ja baya, yau ne gobe ne, har na auri mahaifiyarki. A lokacin wani ofishi a unguwar Ma'adi, nan Alƙahira, da ke taimaka wa 'yan gudun hijira da takardunsu yana neman mai harshe uku. Ina da Turancin sakandare da na taho da shi daga Gusau, Larabci na same shi a nan, Hausa kuwa a nono na sha. Suka ɗauke ni. Na shiga ina jin babu wanda ya kai ni.

A satina na farko aka miƙo mini wata yarjejeniya in karanta wa wani tela. Layi huɗu na farko kowanne ya fara da kalma ɗaya, whereas. Na ce a raina ai wannan na santa. A makaranta an koya mana tana nufin “alhali kuwa”, wato kalmar da ake sawa tsakanin abu biyu da suka saɓa: Audu dogo ne, alhali kuwa ƙanensa gajere ne. Sai na kama karantawa da ƙarfi, alhali kuwa kaza, alhali kuwa kaza. Telan ya saurara har na kai layi na huɗu, sannan ya ce, “Malam, wai wa ke musu da wa a cikin takardar nan?” Ni ma na ji maganar ba ta zauna ba, amma na daure fuska na ce masa haka Turawa ke rubutu. Wata uku na yi ina wannan ɓarna. Lauyan ofishin, wani Bamisire da muke kira Ustaz Magdi, yana ɗakin da ke kusa da nawa, taku biyar ne tsakaninmu. Kunya ta hana ni yin takun nan biyar.

Shi ne ya ji ni wata rana ina fassara wa wani da Larabci, ya kira ni ciki. Ya ce, “Ya Sanusi, kalmar nan gida biyu gare ta. A bakin mutane, e, alhali kuwa ce. Amma idan ta tsaya a kan takardar shari'a ba musu take yi ba. Tana nufin ganin cewa, ko tunda yake. Tana jera abubuwan da aka ɗauka gaskiya ne, ɗaya bayan ɗaya. Idan ta gama jerawa sai a ce saboda haka, a yanke hukunci a kansu.” Na gode masa. Har na kai bakin ƙofa ya ƙara da cewa, “Amma ka ga layin mutanen da ke waje. Wannan duk shimfiɗa ce. Idan lokaci ya ƙure ka fara daga saboda haka, yalla, maza.”

Magana biyu ya gaya mini. Na riƙe ta biyun, mai sauƙi, na saki ta farkon.

Don haka abu na farko, Ummi, ki koyi cewa “ban sani ba” tun kina ajin farko, tun faɗinta ba ta da tsada. Matambayi ba ya ɓata. Kuma idan kalma ta zo miki da fuskar da kika sani, kada ki yi saurin rungumarta. Ki tambaye ta a wane gida take tsaye yau, na kasuwa ko na kotu. Turancin shari'a cike yake da irinta, ƙananan kalmomin haɗi da ido ke wucewa ta kansu. Idan babba ya nuna miki gajeriyar hanya, ki gode masa, sannan ki bi doguwar ke kaɗai har sai kin san abin da gajeriyar ta tsallake.

Yanzu ga wanda ya fi mini nauyi. Ko mahaifiyarki ba ta san shi duka ba.

Ba za ki tuna Hajja Sittana ba, wadda ta taɓa zo mana da turaren wuta kina jaririya. Bahaushiya ce 'yar Sudan. Kakanninta sun taso daga ƙasar Hausa a ƙasa za su aikin hajji, suka yada zango a bakin kogin Nilu, zangon ya zama gida. Tashin hankali ya kore ta daga can, mijinta ya rasu a hanya, ta iso Alƙahira da 'ya'ya uku: Usman babba, da 'yan mata biyu ƙanana. A unguwar Ard al-Liwa take, ɗaki ɗaya a hawa na biyar, tana haɗa turare tana yi wa amare lalle. Hausarta irin ta tsofaffin da ce, idan tana magana sai in ji kamar kakata ce ta dawo. Ba ta karatun boko. Duk takardar da aka ba ta sai ta naɗe ta cikin leda ta kawo mini, ta ce, “Ɗana, gaya mini me suka ce.”

Shekara shida tana jiran a samo ƙasar da za ta karɓe su. Ranar da takardar ta fito, ita ce ta ƙarshe a layi. Ana zafi irin na Alƙahira da ke narkar da kwalta, fankar ofis ta mutu, tun safe nake magana, kaina kamar zai tsage. Abin da ke raina kawai in kama jirgin ƙasa na metro kafin a cika. Na buɗe takardar. Layi uku ne a sama, kowanne da whereas ɗinsa. Idona ya bi ta kansu kamar yadda ake bi ta kan kwata, na dira a kan saboda haka. Na ce, “Hajja, albishirinki. An amince. Ku huɗu za ku tafi Turai.”

Ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala, hawaye na zuba. Da ta natsu sai ta ɗora yatsa a saman takardar ta ce, “Ɗana, nan fa? Na ga baƙi da yawa, kai kuwa kaɗan ka faɗa.”

Na ce, “Gaisuwar Turawa ce, Hajja. Shimfiɗa ce kawai. Khalas, shi ke nan, ki je ki fara shiri.”

Layi na uku cewa ya yi: ganin cewa ɗanta Usman bai yi aure ba, kuma yana ƙarƙashin kulawarta. A kan wannan aka sa shi cikin tafiyar. A ƙasan takardar kuma an rubuta cewa idan wani abu cikin abubuwan da aka jera a sama zai canza, a sanar da ofis tukuna. Wannan ma ban karanta mata ba, don ba shi da ma'ana idan ba a karanta na saman ba.

Hajja ta koma gida ta yi tunani irin na uwa. Ɗa namiji ɗan shekara ashirin, za a kai shi ƙasar da ba ta san kowa ba, ba ta san tarbiyyarsu ba. Akwai yarinyar da yake so a unguwar, Najat, ita ma tana son sa, iyayenta sun yarda. Hajja ta ce gara a ɗaura kafin a tashi, in ya so idan ya zauna can sai ya aiko a kai masa matarsa. Aka sa rana. Ummi, an gayyace ni ɗaurin auren nan, kuma na je. Na zauna a kan tabarma a lungun gidansu, na ci asida, tuwonsu na Sudan, na shafa fatiha, na riƙe hannun Usman na ce Allah Ya ba da zaman lafiya. Ko ɗar ban ji ba, don layin bai taɓa shiga kaina ba balle ya tashe ni.

Saura sati biyu su tashi aka kira su ganawar ƙarshe, ni ne tafinta. Baturiyar da ke tambaya ta ce ko akwai abin da ya canza a iyalin. Usman ya gyara zama yana murmushi ya ce, “Na yi aure.” Da bakina na juya mata shi zuwa Turanci. Ta ajiye biro. Ta juyo da takardar ta ɗora yatsa a kan layi na uku, daidai inda yatsan Hajja ya taɓa sauka. A lokacin na karanta shi karon farko. Ta ce ta yi baƙin ciki, amma Usman ya zama mai gidan kansa, ya fita daga takardar mahaifiyarsa. Sai dai a buɗe masa sabon fayil shi da matarsa, su bi layi daga farko.

Na fassara. Hajja ta dubi inda yatsan matar yake, ta dube ni. Ta ce, “Ɗana, ba nan ne ka ce gaisuwa ce ba?”

Na ce, “Hajja, doka suka canza.”

Ba wanda ke jin Hausa a ɗakin sai mu uku. Ƙaryar ta fito da sauƙi, har yau ina mamakin sauƙinta. Hajja ta ja mayafinta ta rufe baki. A tsakar ofis ta ce ta fasa tafiyar, ko su huɗu ko babu. Usman ne ya durƙusa gabanta ya ce, “Yumma, ki tafi da yaran nan. Su ba su yi laifin komai ba. Ni namiji ne, zan biyo ku.” Ta tafi da 'yan matan. Bai bi su ba, fayil ɗinsa har yau yana layi.

Ki saurare ni a nan, ɗiyata. A takardar shari'a babu gaisuwa. Duk abin da aka ɓata tawada aka rubuta, wani zai tsaya a kansa wata rana, ko ya faɗi a kansa. Abin da ke bayan whereas shi ne ƙasar da hukuncin ke tsaye a kai, idan ƙasar ta motsa hukuncin ya motsa. Ki fara daga layin farko ko da kanki na ciwo, ko da an kira sallah, ko da motar ƙarshe za ta tashi. Idan kin gaji har ba za ki iya ba, ki ce wa mutum ya dawo gobe. Zai yi fushi, amma fushin kwana ɗaya ne. Sannan idan wanda bai yi karatu ba ya ɗora yatsa a wuri ya ce “nan fa”, ki tsaya cak. Shi ba ya gane baƙi, amma ya san rayuwarsa ce a kan takardar, yana kallonta da idon da ke ba ki da shi.

Ita kuma ƙaryar, ban san yadda zan yi miki nasiha a kanta ba sai in gaya miki abin da ta ci mini. Kuskuren gajiya ce ta jawo shi, ƙaryar kuwa ni na zaɓe ta. Da na ce “ni ne ban karanta miki ba” a gaban Baturiyar nan, wataƙila da an rubuta cewa laifin tafinta ne, an sake duba maganar. Wataƙila kuma da ba a duba ba. Ba zan taɓa sani ba, don na rufe ƙofar da hannuna saboda tsoron kada a sallame ni, ga ki kina goye, ga yayanki yana firamare. Na tsira da aikina. Amma tun daga ranar ban sake cin abinci a Ard al-Liwa ya wuce mini maƙogwaro da daɗi ba. Idan aiki ya kai ni unguwar sai in zagaya ta wani lungu don kada in bi ta ƙofar shagon gugar da Usman ke aiki. Duk ranar da kika yi kuskure a aikin mutane, kuma za ki yi, ki faɗa a ranar, a ɗakin, tun yana da zafi. Idan ya kwana ya fara saiwa.

Wannan ne ya kawo ni kan abin da na yi miki ke kanki. Ranar da kika gama sakandare kika ce mini lauya kike so ki zama, kin tuna abin da na ce? Na ce ba a gidana ba. Na ce aikin cin haƙƙin mutane ne, na kawo miki ayoyi da hadisai. Kika yi kuka, kika bar maganar, kika zauna shekara biyu kina koya wa 'ya'yan ɗaliban Najeriya karatu a falonmu, ƙawayenki suna wucewa jami'a. Mahaifiyarki ta taɓa tare ni a kicin ta ce, “Malam, wai wane lauya ne ya cuce ka haka?” Na ce mata ta bar maganar. Babu lauyan da ya cuce ni. Tsoro nake ji kada wata rana ki zauna a kujera irin tawa, wata tsohuwa ta miƙo miki takarda cikin leda. Na ɗauki laifina na ɗora a kan shekarunki biyu, na lulluɓe shi da rigar addini. Ki yafe mini, Ummi. Idan Allah Ya ba ki 'ya'ya, kafin ki hana su abu ki tambayi kanki, su kike tsarewa ko wani tsohon ciwonki kike lallaɓawa.

Za ki so ki san me ya sa na sauko bara, na ce ki nemi gurbin karatun. Ga dalili.

Bayan ƙaramar sallah Usman ya zo ofis. Ya yi furfura a gemu, 'ya'yansa uku yanzu. Ya zauna a kujerar da mahaifiyarsa ta saba zama, ya miƙo mini takarda. Shaidar rasuwar Hajja Sittana ce, ƙannensa suka aiko daga can, ana so a juya ta Larabci a saka a fayil ɗinsa. Shekara goma sha bakwai rabonsa da ita sai ta waya. Bai ga gawarta ba, bai san ƙabarinta ba. Na karanta masa ita tun daga sunan asibitin har zuwa rubutun da ke cikin hatimi, ban bar ko ɗigo ba. Da na gama na ajiye takardar na ce, “Usman, akwai abin da zan gaya maka. Ba doka aka canza ba. Layin yana nan tun farko. Ni ne ban karanta wa Hajja ba, kuma da ta tambaye ni na yi mata ƙarya.”

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce, “Ustaz, ai Yumma ta sani. Tun a ɗakin ta gane. A filin jirgi ta gaya mini.”

Na ce, “To me ya hana ku kai ƙarata?”

Ya ce, “Ni na so. Ita ta hana. Ta ce kai kaɗai ne mai jin Hausa a ofishin nan. Idan aka kore ka, wa zai karanta wa mutanenmu takarda? Ta ce in bar ka da Allah, wataƙila ka gyara.”

Na roƙe shi gafara. Bai ce ma'alish ba, wato ba komai, kuma na gode masa da bai faɗa ba. Cewa ya yi, “Ita ta yafe maka tun tuni, ta sha faɗa a waya. Ni ban gama ba, Ustaz. Ina dai ƙoƙari.” Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya ce kayan mutane na jiransa a shago, ya fita.

Shekara goma sha bakwai ina zagaye lungu ina ɓuya wa mutanen da suka riga suka sani. Duk tsawon lokacin nan 'yan unguwarsu suna zuwa wurina da takardunsu, kuma daga baya na ji Hajja ce ke ce musu ta waya su je wurin Malam Sanusi, amma su ce ya fara daga sama.

Na gaji, Ummi. Idona ya fara gaza ƙananan baƙi, bana nake so in ajiye aikin. Ba ni da gida ko gona da zan bar miki, wannan labarin shi ne abin da na tara. Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki ci abinci ko da karatu ya yi yawa, na san halinki. Idan 'yan ajinku suka yi dariyar Hausarki da ta gauraya da Larabcin Masar, ki yi dariyar tare da su, za ta gyaru. Ki riƙa kiran mahaifiyarki, ita ba za ta ce tana kewarki ba, sai dai ta yi ta goge ɗakinki. Idan kin ɗaga hannu kina addu'a, ki sa Hajja Sittana a ciki, ki sa Usman, Allah Ya buɗe masa hanya ya ga ƙannensa.

Allah Ya tsare ki daga gabanki da bayanki, Ya ba ki ilimi mai amfani da zuciyar da za ta iya ɗaukarsa. Allah Ya sa kada haƙƙin kowa ya kwana a hannunki. Ya dawo mana da ke lafiya muna raye, in kuwa ba mu kai ba, Ya haɗa mu a inda babu rabuwa. Na yafe miki duniya da lahira, Allah Ya yi miki albarka.

Wassalam.

Mahaifinki,
Abba